Kada A Shigo Mana Da Saniyar Sata Ɗakin Ɗaukar Murya



Tun da aka fara maganar ƙungiyarmu ta buɗe ɗan ɗakin ɗaukar murya a nan Iware, muhawara ta tsaya a kan abu guda: wace manhaja za a saka wa kwamfutar? Wasu ƙannenmu, musamman waɗanda suka ɗan zauna a situdiyoyin Jalingo, sun kafe a kan FL Studio ko Cubase ko Adobe Audition. Duk wanda ya ambaci Audacity sai a bushe masa da dariya, a ce kayan yara ne, kayan kyauta ne, wai araha ba ta ado. Ni kuwa ina ganin tun daga tushe an ɗora muhawarar nan a kan ƙarya. Kuɗin da za a kashe kuma na jama'a ne, karo-karon da ake tarawa daga aljihun dillali da tela da malamin firamare da mai sayar da nono. Don haka zan faɗi tawa a fili.

Ƙaryar ita ce, ana yi kamar zaɓi ne tsakanin kayan kuɗi da kayan kyauta. To, a tambayi duk mai yi mana kurin FL Studio: nawa ka biya? Ina rasiɗinka? Da sunan wa aka yi rajistar? Za ka ga ya fara sosa ƙeya. Abin da ke kan yawancin kwamfutocin nan shi ne wanda suke kira kirak, wato manhajar da wani ɓarawo a wata ƙasa ya fasa wa kwaɗo ya watsa a intanet, wani ya sauko da ita, ya zuba a filashi, ana ta yawo da ita daga shago zuwa shago. Mai gyaran kwamfuta ya karɓi ɗan abin da ya karɓa ya saka maka. Ko kwabo bai kai hannun masu ita ba. Ashe duka biyun kyauta ake samun su. Bambancin kawai shi ne, ɗaya mai ita ne ya bayar da hannunsa, ɗaya kuma ta katanga aka hauro da ita.

Mu mutanen Iware bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Garin da aka san shi da kasuwar shanu, wanda fatake ke zuwa daga nesa su loda tireloli zuwa kudu, ya san hukuncin saniyar da ba a san mai ita ba. Ko ta kai giwa ƙiba, ko an karya farashinta rabi, dattijon kirki ba ya taya ta. Sai an ga dillalin da ya tsaya mata, an san daga rugar da ta fito. Wanda ya saya a ɓoye, ranar da mai ita ya bayyana ya yi asarar saniya, ya yi asarar kuɗi, ya yi asarar mutunci. Yaya abin da muke ƙyama a kara zai zama abin alfahari a cikin kwamfuta?

Bari mu ɗauka ba satar ake nufi ba, saye za a yi tsakani da Allah. Sai mu yi lissafi. FL Studio na kamfanin Image-Line ne da ke ƙasar Beljiyam, da can sunansa FruityLoops. Ƙaramin samfurinsa na dala 99 kiɗa kawai ake haɗawa da shi, ba ya ɗaukar murya ta makirfo. Wanda ke ɗaukar murya, a shekarun baya ya daɗe a kan dala 199. Idan dala tana naira 1,500, ana maganar kusan naira dubu 300 ke nan, kafin a sayi makirfo ko guda. Adobe Audition kuwa ba a ma sayar da shi. Tun 2013 kamfanin Adobe ya daina fitar da sababbin manhajojinsa na saye-ka-mallaka, ya koma ba da haya. Sama da dala 20 kowane wata, wato sama da naira dubu 360 a shekara a kan wancan farashin, kuma watan da ka kasa biya ƙofa ta rufe. Wannan ba sayen sa ba ne, hayar sa ce. Ka yi shekara goma kana huɗa da shi, ranar da ka gaza mai shi ya ja abinsa, ko igiya ba za a bar maka ba.

Kuma da dala ake biya. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Aka saki naira a watan Yunin shekarar, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ɗauki haya a lokacin, kuɗin hayarsa ya ninka sau uku ba tare da an ƙara masa ko maɓalli ɗaya ba. Kafin nan ma, a 2022, bankuna da dama sun rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya wasunsu suka dakatar gaba ɗaya. Ku duba da kyau: dala 20 ba ta ma kai hayar Audition ta wata guda ba. Kana da kuɗinka a asusu, kana da niyyar biya, amma babu hanya. Wace ƙungiya ce mai hankali za ta ɗaure aikinta a jikin abin da wata takardar banki guda za ta iya tsayarwa?

Kada wani ya ce ina ƙirƙirar abin tsoro ne. A watan Oktoban 2019 Adobe ya sanar da cewa zai rufe asusun duk masu amfani da kayansa a ƙasar Benezuwela, saboda takunkumin da gwamnatin Amurka ta ƙaƙaba wa gwamnatin ƙasar. Mai zane da mai haɗa sauti da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, aka ba su 'yan makonni su kwashe ayyukansu. Daga baya an sami izini an janye matakin, amma kowa ya ga inda makullin yake. Haka a watan Nuwamban 2017 kamfanin Gibson, mai ƙera jita, ya wayi gari ya dakatar da aiki a kan manhajar Sonar, alhali akwai mutanen da suka biya kuɗin samun sabuntawa har iya rayuwa. Sa'a suka ci kamfanin BandLab na Singafo ya saye ta a 2018. Tsofaffin ma'aikatan rediyo kuma suna tuna Cool Edit, wadda aka yi shekaru ana yanka labarai da tallace-tallace da ita. Adobe ya saye ta a 2003 ya sauya mata suna. Ita ce Audition ɗin nan da ake ba da haya yau. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Yanzu mene ne Audacity ɗin da ake rainawa? Kowace manhaja rubutu ce da masana suka tsara, umarni bayan umarni, kwamfuta tana bi. Kamfani yakan ɓoye wannan rubutu, ya sayar maka da izinin amfani kawai. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa rubutunta a fili yake, kowa na iya gani. Akwai wani lasisi mai suna GPL, wanda Richard Stallman ya fitar a 1989, da ya ba kowa damar ya yi amfani, ya kwafa, ya raba, ya gyara, bisa sharaɗin cewa idan ka gyara ka raba wa mutane, kai ma sai ka bar naka a buɗe. Abin da ya fi kama da shi a wajenmu shi ne rijiyar waƙafi. Kowa ya ɗebi ruwa, mai hali ya yi mata yasa ko ya ɗaure mata baki, amma babu mai kewaye ta ya sa ƙofa ya ce ta zama tasa.

A kan wannan lasisi Audacity take. Wani ɗalibi mai suna Dominic Mazzoni da malaminsa Roger Dannenberg ne suka fara ta a 1999 a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, aka sake ta ga duniya a watan Mayun 2000. An sauke ta fiye da sau miliyan 100. Malaman jami'a masu nazarin harsuna suna aiki da ita, 'yan jarida suna aiki da ita, masu karanta littattafai a faifai suna aiki da ita. Ba ta da nauyi, tsohuwar laftof ɗin nan ta gwanjo tana ɗaukar ta, ba ta neman intanet kafin ta buɗe, kuma idan ka zuba ta a filashi ka raba wa mutum ɗari ba ka karya dokar kowa ba. Masu ita ma so suke ka raba.

Na san abin da masu karatu a cikinku za su jefo ni da shi: ai ita ma an saye ta. Gaskiya ne. A 2021 kamfanin Muse Group ya karɓi ragamarta, kuma bai daɗe ba ya kawo shawarar saka mata abin da zai riƙa aika bayanan yadda ake amfani da ita, sannan ya fito da wasu ƙa'idojin sirri da suka tayar da ƙura. Amma ku dubi yadda aka ƙare. Jama'a suka yi ca, wasu masana suka kwafi rubutun manhajar suka ci gaba da tasu da wani suna, irin su Tenacity, kamfanin ya janye shawarar ya gyara ƙa'idojin. Masu Cool Edit ba su sami wannan dama ba. Masu Sonar ba su samu ba. Wannan labari hujjata ce, ba hujjarku ba: wanda ya sayi bakin rijiyar waƙafi bai sayi ruwan ba.

Sai babbar maganarsu, wai sauti. Wai muryar da aka ɗauka a Cubase ta fi ta Audacity fita tangaran. Wannan camfi ne, kuma duk injiniyan sauti na gaskiya ya sani. Murya tana shiga makirfo ta zama lantarki. Katin sauti, wato ɗan akwatin nan da ake jona makirfo a jikinsa kafin ya shiga kwamfuta, shi ne yake mayar da lantarkin lambobi. A ma'aunin faifan CD, sau 44,100 yake auna muryar a cikin daƙiƙa guda. Aikin manhaja a wannan gaɓa shi ne ta karɓi lambobin ta rubuta. Akawu ce. Ko ta dala dubu ce ko ta kyauta, lambar da aka miƙa mata ita za ta rubuta. Idan dillali ya ce dubu ɗari takwas, biron zinariya ba zai mayar da ita miliyan ba.

Abin da ke lalata mana sauti a garin nan a gabanmu yake. Rufin kwano da ke amsa kuwwa. Bangon siminti tsirara. Fanka. Janareta a bayan taga. Tirela a kan titin Wukari. Makirfon taro da aka ɗauko daga wajen biki. Yaro ya buɗe ƙarar har ta fashe, ya zo yana neman maɓallin da zai gyara, alhali muryar da ta fashe wajen ɗauka babu manhajar da za ta mayar da ita yadda take. Naira dubu 300 ɗin nan, a sa ta a makirfo mai kyau, da katin sauti, da abin saurare na kunne, da tsofaffin katifu da barguna a jikin bango, da ɗan batir da sola don kada wuta ta ɗauke a tsakiyar karatu. Wallahi wanda ya yi haka da Audacity sai ya kunyata wanda ya saka Pro Tools a shagon kwano kusa da mai niƙa.

Kuma wai me za mu riƙa ɗauka ne a ɗakin? Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Tafsirin azumi da karatun malamanmu. Sanarwar rigakafi da ta taron gari. Tallan 'yan kasuwa da za a saka a lasifika ko a kai gidan rediyo a Jalingo. Karatun ɗaliban Islamiyya ranar walima. Waƙoƙin maƙwabtanmu na majami'a idan sun zo, don su ma garinsu ne. Tsofaffin kaset da ke ruɓewa a akwatunan iyayenmu, a jona rikoda da kwamfuta a kwashe su kafin zaren ya tsinke. Sannan abin da ya fi damuna: dattawanmu. Waɗanda suka san yadda kasuwar nan ta kafu, da waɗanda suka ga zamanin Gongola kafin a yanke Taraba a 1991, da masu tatsuniya da kirari da tarihi cikin Hausa da Fulfulde da Mumuye da Kona. Kullum ana binne su da abin da ke kansu. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, abin da ya rage mana nasu shi ne abin da wani ya ɗauka, wani kuma ya adana. Namu tsofaffin ba su da gidan rediyon da ke bin su. Mu ne.

Duk wannan aiki murya ce: a ɗauka, a yanke tari da shiru, a rage ƙugin fanka, a daidaita ƙara, a fitar. A nan Audacity ba ta da abin jin kunya a gaban kowa. Kana nuna mata ɗan wurin da babu magana sai hayaniyar ɗaki, ta gane ta, ta rage ta a duk tsawon karatun. Yaron sakandare zai koya a yini biyu. Kuma aikin da ake so jikoki su saurara bai kamata a kulle shi a cikin fayil ɗin da manhajar kamfani guda ce kawai take buɗewa ba. A fitar da komai a WAV ko FLAC, waɗanda kowace na'ura take karantawa, a ajiye kwafi biyu a gidaje biyu.

Ba zan yi muku ƙarya in ce buɗaɗɗun manhajoji sun fi a komai ba. Audacity ba ta haɗa kiɗa irin na fiyano da ganguna yadda FL Studio yake yi. Ba aikinta ba ne. Akwai LMMS, buɗaɗɗiya ce, an yi ta a kan salon FL, tana haɗa kiɗa, amma ba a ɗaukar murya da ita, sai ka haɗa ta da wata. Akwai Ardour ta Paul Davis, wadda ita cikakkiyar situdiyo ce mai layuka da yawa, sai dai tana son haƙuri wajen koyo, kuma wadda aka riga aka shirya don Windows ana biyan ɗan abin da ya sawwaƙa. Mawaƙin da yake son irin muryar nan ta waƙoƙin fim, mai santsin Auto-Tune, zai fi samun sauƙi a kayan kamfani. Na yarda. To sai me? Wanda waƙa ce sana'arsa, yana karɓar kuɗin 'yan siyasa da na amare, ya sayi kayan aikinsa kamar yadda tela yake sayen keke. FL Studio ma yana da wani adalci da ya kamata a yaba: ka saya sau ɗaya, duk sabon da ya fito kyauta ne gare ka. Akwai kuma Reaper, ta Justin Frankel, mutumin da ya yi Winamp. Ba buɗaɗɗiya ba ce, amma dala 60 ce ga mai ƙaramar sana'a ko ƙungiya irin tamu, kuma ana ba ka kwana 60 ka gwada. Kuɗin waƙar biki ɗaya ko biyu ne. Wanda ya iya sayen wayar dubu ɗari uku don ɗaukar hoto kada ya ce mana talauci ne ya sa shi sata.

Ana kuma cewa dole yaranmu su koyi FL, domin shi za su tarar idan suka je neman aiki a Kano ko Kaduna ko Jos. Wannan ce hujjarsu mafi ƙarfi, kuma ita ma tana da amsa. Kamfanin da kansa yana ba da na gwaji kyauta, ba shi da wa'adi, komai yana aiki, har ka fitar da waƙarka a MP3. Abin da kawai ya hana shi ne ka sake buɗe aikin da ka ajiye sai ka biya. Ga mai koyo wannan ya isa, kuma halal ne. Ban da haka, abin da ake ɗaukar mutum aiki dominsa a situdiyo kunne ne. Ya san inda zai tsayar da makirfo, ya ji inda murya ta yi kauri ya rage, ya san yadda ake danne ƙara ba tare da an shaƙe ta ba. Wanda ya iya wannan a Ardour, mako guda ya ishe shi ya gane inda maɓallan Cubase suke. Direban da ya koya da tsohuwar Peugeot ba ya kasa jan Toyota. Wanda kuwa abin da ya iya shi ne danna shiryayyen kiɗan da ya zo da kirak, ko ina ya je ɗan kallo ne.

Akwai masu cewa, to ai Turawa ne, ba za su ji a jikinsu ba, su ma sun sace mu. Wannan magana tana da daɗin faɗa a majalisa, amma a kai ta gaban malami a gani. Ni ba mai fatawa ba ne. Sai dai Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin Disamban 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta su ba. Dokar ƙasa ma haka: dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare manhajar kwamfuta, ta kuma hana fasa kwaɗon da mai abu ya saka wa abinsa. Ko da a ce akwai saɓani a tsakanin malamai, me ya kai mu shubuha alhali ga halal tsantsa a ajiye, ba a ce mu biya ko sisi ba? Mai larura ake yi wa uzuri. Wanda ke zaune a bakin rijiya ba shi da uzurin fasa randar maƙwabci. Ku yi tunanin a ɗauki tafsirin ayoyin amana da kayan da aka hauro da su ta katanga, a rubuta sunan ƙungiyarmu a jiki.

Abin dariya, abin takaici, su waye suka fi kowa kuka da satar fasaha? Mawaƙa da 'yan fim. Shekara da shekaru suna kukan masu kwafar faifai da masu tura-tura a memori, har kasuwar faifan da ta yi tashe a Ƙofar Wambai ta durƙushe, aka koma YouTube. Kukansu gaskiya ne, an cuce su. Amma yaron da zai zo yana rantsuwa bai yafe wa wanda ya tura waƙarsa ba izini ba, ka leƙa kwamfutar da aka yi waƙar, tun daga Windows har fulogin na ƙarshe babu na halal. Laifi tudu ne. Masu rubuta manhaja su ma mutane ne masu iyali, shekaru suke yi a kan abin da kake kwafa a minti biyar.

In ma mutum bai damu da halal da haram ba, ya damu da kwamfutarsa. Ka taɓa tambayar kanka me ya sa mai saka maka kirak yake fara kashe maganin bairos? Ka taɓa tambaya me ɓarawon da ya ɓata dare yana fasa manhaja yake samu, tunda ba ka biya shi ba? Ba don Allah yake yi ba. A 2019 kamfanin tsaron kwamfuta na ESET ya bankaɗo wata cuta da ya sa wa suna LoudMiner, wadda aka ɓoye a cikin fasassun manhajojin sauti fiye da ɗari. Da gangan suka zaɓi masu situdiyo, domin sun san kwamfutocinsu suna da ƙarfi, kuma idan suka ji na'ura ta yi zafi za su ɗauka nauyin aiki ne. Kana can kana haɗa kiɗa, ita kuwa kwamfutarka tana yi wa wani mainin ɗin kuɗin kirifto. Ku da kuka sha danna waya kuna mainin kun san abin da nake nufi, sai dai wannan karon man janaretanka ne, datarka ce, ribar ta wani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A kan irin wannan kwamfuta ake so mu ajiye muryar dattijon da ba za a sake samun damar ɗauka ba, da sunaye da lambobin wayar 'yan ƙungiya?

Wani abu kuma da ba a lura da shi. Ƙungiya makaranta ce ko ba ta sa allo ba. Idan darasin farko da yaro zai koya a ɗakinmu shi ne yadda ake kashe intanet don kada kamfani ya gane, da yadda ake saka lambar bogi, to mun koya masa cewa ƙa'ida ta wawaye ce. Idan kuwa muka ba shi manhajar da zai kwafa ya tafi da ita gida da izinin masu ita, ya saka wa abokinsa a Sunkani ko Mutum Biyu, mun ba shi sana'ar da babu mai ƙwace masa. Ɗalibanmu da ke karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Jihar Taraba suna iya buɗe cikinta su ga yadda aka gina ta. Ƙofar fassara ma a buɗe take ga kowane harshe, masu sa kai ne suke yi. Babu wanda zai hana 'ya'yanmu su zauna su mayar da maɓallanta Hausa ko Fulfulde, yadda malamin allo da bai yi boko ba zai gyara karatunsa da kansa. Je ka nemi wannan izini a wajen Steinberg ko Adobe ka ga ko za a amsa maka wasiƙa.

Ga abin da nake nema a wajen shugabanninmu, Allah Ya ƙara musu lafiya. Kwamfutar ƙungiya, kada a saka mata komai sai abin da muke da izininsa, a rubuta hakan a cikin dokar ɗakin. Aikin murya a yi shi da Audacity. Mai son kiɗa a saka masa LMMS da Ardour, da FL na gwaji don koyo. Idan aiki ya bunƙasa har kuɗi suna shigowa, aka ga buƙata ta gaske, a sayi lasisi ɗaya da sunan ƙungiya, ba da sunan wani yaro da gobe zai yi fushi ya tafi da makullin ba, a kuma manna rasiɗin a bango. Kuɗin da aka ware yanzu su tafi ga makirfo da katin sauti da gyaran ɗaki da sola da faifan ajiya guda biyu.

Ƙannena masu dariya kuma, ga fili ga mai doki. Ranar taro mai zuwa ku zo da laftof ɗinku, ni ma zan zo da tawa. Makirfo ɗaya, katin sauti ɗaya, ɗaki ɗaya. A sa ɗaya daga cikin malamanmu ya yi karatu na minti biyu, ku ɗauka da taku, in ɗauka da Audacity, kada kowa ya taɓa komai. A juya kwamfutocin baya, a kunna wa jama'a sau goma a cakuɗe, ku da kanku ku nuna wanne ne naku. Wanda kuma har yanzu yake son a saka FL ko Cubase, ya taho da rasiɗinsa a hannu, sakatare zai duba sunan da ke jiki.